Hanyar da Gwaggo Ta Auna da Gora

Ranar sadakar ukun Gwaggo na zauna a kan tabarma a ƙofar gidanmu na Djougou ina karɓar gaisuwa, kunnena kuma yana bin abin da mutane ke faɗi idan sun juya baya. Ɗan kasuwa ba ya barin wannan hali ko a zaman makoki. Maza suna cewa an yi rashin tsohuwar kirki, su shafa fatiha, su tashi. Mata ne suka fi daɗewa. Wata dattijuwa daga bayan kasuwa ta tsaya a bakin hanyar shiga gida, ta dafa bango, ta tambayi ta kusa da ita da harshen Dendi, yanzu wa zai wanke su. Idonta a bushe yake. Ta yi tambayar ne kamar wadda rijiyar unguwarsu ta ƙafe.

Liman da ya gama addu'a ya daɗe yana kallon hanyar nan da aka fito da ita. Ya ce a duk gidajen siminti da ya yi jana'iza a cikinsu, nan ne kaɗai makara ta shiga ta fito bai ji an ce a karkata ba. Wani ɗan'uwanmu da ya zo daga Cotonou, wanda bai san labarin ba, ya ce shi ma hanyar ta ba shi mamaki, mota ma sai ta shige, ai an yi asarar fili. Shekara huɗu da suka wuce, maganar da ke bakina ke nan.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta yi aure, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, mijinta ya rasu, ta dawo gidan ubanta tun kafin a haife ni. Sunan uban nata aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Ko dukana za ta yi ina ƙarami, Babana take cewa, ta kuma rage ƙarfin hannu.

Sana'arta biyu. Ta farko goro, wanda ta gada daga kakanninmu fatake. Kullum da hantsi za ta buɗe huhu, ta yayyafa wa ganyen ruwa, ta juya goron ɗaya bayan ɗaya tana fitar da wanda sankara ta taɓa. Ta biyun ba a kiranta sana'a a gabanta. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu da unguwanni biyu na kusa. Idan ka ga ta ɗaura tsohon zanenta mai baƙin saƙi, ta ɗauki ƙaramar ƙwarya da sabulu da turare, to wani gida ya yi shiru. Ba ta karɓar komai, kuma ba wanda ya taɓa jin abin da ta gani a jikin wata.

Bayan azahar takan kishingiɗa a gindin mangwaron tsakar gida, ido rabi a rufe, ta shiga ba da labarin ayarin da ita kanta wutsiyarsa kawai ta tarar. Jakuna daga Gwanja, kayan goro a jiƙe, ƙararrawa tana kaɗawa tun daga bayan gari, baƙi suna sauka gidanmu da harsuna iri-iri. Ba ta cewa "a da". Sai ta nuna wani fili da ba komai a cikinsa ta ce nan jakuna suke tsayawa, can madugu yake shimfiɗa buzunsa, a bi a hankali. Mu yara sai mu kewaye wurin. Har na yi gemu, idan na shiga tsakar gidan nan ƙafata tana kauce wa buzun madugu ba tare da na sani ba.

Ni kuwa tun ina saurayi na sauka Parakou. Da tallar ƙusa da patar ƙofa na fara a kan tire, yau ina da shagon kayan gini a unguwar Guéma, na kuma gina gidana mai bene a unguwar Titirou. A wannan sana'a na ga mutane da yawa sun nuna wa magini hoto a waya sun ce ga irin gidan da suke so, bayan damina biyu bango ya tsage. Saboda haka da ruwa ya kayar da katangar bayan gidanmu na gado, ƙannena suka ce ni zan ɗauki nauyin sabunta shi, na ce to, amma bisa ƙa'ida za a yi. Na ɗauki arshitek, wato mai zana gida a takarda kafin a taɓa ƙasa. Na ɗauki injiniya, mai lissafin ƙarfe da ginshiƙin da za su riƙe ginin.

Arshitek ɗin matashi ne ɗan Parakou, mai natsuwa, ya yi karatu a kudu, yana jin Dendi da 'yar Hausa. Sau uku muka zauna da shi, duk a shagona. Sau ɗaya na kai shi Djougou ya auna fili. Gwaggo ta ba shi farin goro, ya yi godiya ya sa a aljihu, muka juyo. Bai tambaye ta komai ba, domin ban ce masa akwai abin tambaya a wurinta ba. Abin da na gaya masa shi ne ina son shaguna huɗu suna kallon titi, ɗakuna a baya, da 'yar hanyar shiga. Kafin huɗun su samu wuri sai da hanyar ta tsuke, ta lanƙwashe, ta yi kwana har biyu. Ya ce kwanonin ma alheri ne, kamar zauren da ne, na titi ba zai hango matan gida ba. Zanen ya yi kyau. Injiniya ya dasa ginshiƙi a kwanar farko, meri, wato ofishin magajin gari, ta buga hatimi.

Ranar da aka fitar da zanen a ƙasa an riga an rushe gaban gidan, saura ɗakin Gwaggo da na kusa da shi, waɗanda aka bari sai ƙarshe. Magina suka kafa turaku, suka ja igiya, suka zuba farar ƙasa a kan layi. Gidan da ba a gina ba ya kwanta a fili fari fat. Sai ga Gwaggo ta fito da wata doguwar gora da ta daɗe a bayan ƙofarta, wadda duk muka ɗauka ta kaɗo mangwaro ce. Ta riƙe ta a tsakiya, a kwance, kai gaba gindi baya, ta taho daga ƙofar ɗakinta a hankali tsakanin fararen layukan nan. Da ta iso kwanar farko, kan gorar ya haye layi. Ta ja da baya, ta sake gwadawa ta wani gefen. Ya sake hayewa. Magina suka fara dariya ƙasa-ƙasa, wani ya ce tsohuwa ta zama injiniya.

Ta yafito arshitek.

"Ɗana, wannan farin layin bango ne?"

"Bango ne, Mama."

"To ni ta ina zan fita?"

Ya nuna mata inda ƙofa za ta kasance, ya taka hanyar da ƙafarsa har titi don ta gani. Ta jira ya dawo.

"Wannan ta masu tafiya ce," in ji ta. "Ta masu kwanciya nake tambaya."

Dariyar ta tsaya. Ya ciro awonsa ya auna gorar, ya tambaye ta tsawon mene ne wannan. Ta ce tsawon makarar masallacin unguwa ne, har da mariƙanta. Ta ƙara da maganar da na sha ji a bakinta ban taɓa tsayawa a kanta ba, cewa ƙofa don mai fita ake yin ta, mai shiga da ƙafarsa yake tafe, ko rami ne zai sunkuya ya wuce.

Arshitek ya ja ni gefe ya koma Faransanci. Ya ce tsohuwar tana da gaskiya, an koya masa faɗin gado da na kujerar guragu, wannan kam ba wanda ya taɓa ambata masa. Ya ce in za a miƙe hanyar, shago ɗaya zai tafi, ginshiƙin injiniya ma dole ya tashi. Na ce masa zan yi tunani. Tunanin da na yi kuwa na kasuwa ne. Na san mai sayen da ya fi kowa ƙorafi shi ne yake ƙarewa da ɗaukar kaya. Na ce wa Gwaggo za a gyara. Na ce wa shugaban magina ya bi takardar da meri ta sa wa hatimi. Na hau mota na koma Parakou, na bar wa raina cewa in bango ya tashi za ta saba.

Sati uku bayan haka matar ƙanena ta kira ni a waya ta ce Gwaggo ta tashi. Bango ya kai ƙugu, ta fito da gorar ta sake gwadawa sau ɗaya. Ta ɗaure ƙwaryarta da huhun goronta da akwatin ƙarfen da likkafaninta ke ciki, ta ƙaura gidan maƙwabciyarmu, wata gwauruwa mai ɗakin ƙasa da tsohon zaure mai faɗi.

Washegari na kama hanya. Damina ce, gonakin kaju da na doya sun yi shar a gefen titi, ni kuma ina ta shirya maganganun da zan ɗaure ta da su. Na same ta a kan tabarma tana juya goro. Ta amsa gaisuwata cikin sakin fuska, ta tambayi mai ɗakina da yara, ta zaɓo mini ja mai kyau. Na ce mata abin da ta yi zai sa gari ya zage ni, a ce na kori gwaggona daga gidan ubanta. Ta ce ita ba ta gaya wa kowa an kore ta ba.

Sai ta ba ni labarin da ba ta taɓa bayarwa ba, shi ma ba ta kama suna ba. Wata mata ce mai kunya, wadda ko maƙwabta ba su san kalar ƙafarta ba. 'Ya'yanta suka gina mata sabon gida mai tayil har bango. Da ta rasu Gwaggo ta wanke ta, ta sa mata turare, ta naɗe ta tsaf. Aka zo fita, makara ta ƙi kwana. Aka sauke ta daga kai, aka tsayar da ita tsaye kamar azara, maza huɗu suna tura ta suna ba juna umarni, likkafanin ya kama ƙarfen ƙofa ya zame daga kafaɗa. Gwaggo ta ce tun ranar ta je masallaci ta roƙi ladan ya auna mata makara da gora.

Na ce, "Gwaggo, wanda ya mutu ai bai san abin da ake yi da shi ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya gaya maka, Babana? Ka taɓa wanke ko ɗaya?"

Ta mayar da kanta kan goron.

"Ba fushi nake yi ba. A gidan can aka yanke mini cibiya, na so a wanke ni a can. Amma gidanku ne, ku gina yadda kuka ga dama. Ni dai a kwance nake so in fita."

A hanyar komawa na tsaya a gefen titi saboda ruwan da ya tsuge, har ba na ganin gaba. Ina zaune a motar sai ranar rasuwar mahaifiyata ta dawo mini, ina ɗan shekara goma sha biyu. Na tuna Gwaggo ta fito daga ɗakin, hannun rigarta a jiƙe, ta wuce duk manyan da ke wurin ta zo inda nake tsaye. Ta damƙa mini goro a tafin hannu, ta ce ta gyara ta, ba wanda zai ga abin da ba ta so a gani. A lokacin ban fahimci girman kyautar ba. Na tuna kuma yadda aka fito da mahaifiyata ta tsohon zauren da jakuna ke shiga da kaya, a miƙe, kamar kwalekwale a ruwan da ba iska. Wannan zauren ni na sa aka rushe.

Ba zan ce maganar gari ba ta dame ni ba, ta dame ni. Amma tun kafin ruwan ya ɗauke na kira injiniya.

Shi dattijo ne mai gajen haƙuri. Ya ce ginshiƙin nan ba ado ba ne, shi zai ɗauki benen da muke son ɗorawa nan gaba, ba a cire shi kamar haƙori. Na ce na sani, ya nemo dabara. Ya yi kwana huɗu yana lissafi, ya dawo da doguwar gadar kankare mai kaurin ƙarfe wadda za ta haye saman hanyar ta sauke nauyin a bangon gefe biyu. Aka sake zane, aka sake komawa meri.

Wannan karon arshitek da kansa ya ce a kai shi wurin Gwaggo. Ya cire takalmi ya zauna a tabarmarta a gidan maƙwabciya tun daga azahar har la'asar sakaliya, littafi a gwiwa. Ta gaya masa abubuwan da ni da na tashi a gidan ban sani ba. Ruwan wankan mamaci ba a sakinsa a kwatar da mutane ke takawa, a yi masa nasa ramin a ɓoye. Ta nuna masa ta inda iskar damina ke bugowa, kada ƙofar madafa ta kalli can. Ta ce a yi dakali a hanyar, domin tsofaffin da ke zuwa gaisuwa gwiwarsu ba ta kai su tsakar gida a tashi ɗaya. Ya tambaye ta to yaya za a yi da idon 'yan titi, tunda hanya ta miƙe. Ta ce wannan kuma aikinsa ne, ba don shi aka kai shi makaranta ba? Ya yi dariya. Ya zana wani ƙyaure na katako marar nauyi a tsakiyar hanyar, mai naɗewa ya kwanta a jikin bango idan an so. Da zai tafi ta ba shi goro, ya ɓare ya ci a gabanta, fuskarsa ta yamutse don ɗaci, ta ce yanzu ya zama ɗan gida.

Ni na fara sa guduma a bangon kwanar, magina suna kallona. Shaguna suka koma uku.

Da aka gama ginin ba ta yarda ta kwashe kayanta ba sai da aka gwada. Ta sa magina huɗu suka jeru biyu-biyu, kafaɗa da kafaɗa, gorar a tsakaninsu, suka taho daga ƙofar sabon ɗakinta har titi, tana biye da su tana duban gwiwar hannunsu. Ba wanda ya goga bango. Ta ce madalla, a ɗauko mata akwatinta.

Shekara uku ta yi a ciki. Hanyar nan ta zama wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, iska tana ratsa ta daga titi zuwa gindin mangwaro, wanda shi ma ta hana a sare. Can ta mayar da kishingiɗarta ta bayan azahar, matan unguwa suna zama a dakali suna tsince shinkafa. Wata rana na zo na same ta ido rabi a rufe, ta ɗaga mini hannu ta ce in matsa gefe in ba su hanya. Na ce su wa. Ta ce jakuna, sun daɗe suna kewaya gidan ba su ga ƙofa ba, yanzu sun gane. Na matsa. Ba na jin kunyar faɗi, na tsaya jikin bango har sai da ta sauke hannun.

Ta rasu da hantsi, bayan ruwan safe, huhun goro a buɗe a gabanta, ta ware masu sankara gefe ɗaya. Mata biyu da ta koya wa aikin su suka wanke ta, ruwan ya bi ramin da ta sa aka yi. Aka naɗe ƙyauren katako ya kwanta a bango. Makara ta shiga har ƙofar ɗakinta. Ni na kama gaba ta dama. Duk tsawon hanyar nan ban iya kallon komai ba sai gwiwar hannuna da bango, da tazarar da ke tsakaninsu, wadda ta kai taƙi guda. Ba wanda ya ce a karkata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka fito da ita cikin hasken titi a kwance, a rufe, yadda ta naɗe matan garin nan shekara da shekaru.

Arshitek ya zo daga Parakou ranar ukun. Bayan mutane sun ragu ya gaya mini cewa tun aikin gidanmu, duk wanda ya kawo masa zane sai ya tambaye shi ta ina za a fitar da mai gidan. Wasu suna tsuke fuska su ce yana yi musu fatan tsiya, wani ma ya kwashe takardunsa ya tafi. Ya roƙe ni in ba shi gorar ya ajiye a ofis. Na ce ya je wurin ladan ya yanko tasa, wannan tana da sauran aiki.

Bayan sadakar bakwai na ɗaura ta a saman mota na kawo ta Titirou. Gidana ne da nake alfahari da shi, ni na zaɓi kowane tayil da ke ciki, ɗakina yana sama inda nake hango rabin unguwa. Na hau da gorar a tsaye, na tsaya a ƙofar ɗakina, na kwantar da ita yadda Gwaggo ke yi, na fara saukowa. A kwanar farko ta matakala ta cije. Na ja da baya, na gwada ta ɗaya gefen. Mai ɗakina tana ƙasa tana kallona, hannunta a haɓa. Ta ce in sauko haka nan kada in fasa mata fitila.

Injiniya ya zo ya duba, ya ce wannan matakalar ba ta gyaruwa sai an rushe rabin gidan. Saboda haka na sauko da gadona ɗakin ƙasa, mai kallon ƙofar waje kai tsaye. Yara suna cewa gwiwa ce ta fara damun Baba, na bar su a haka.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinsa mata, Ya buɗa mata makwancinta fiye da hanyar da ta ƙwata a hannuna. Wanda ya karanta wannan ya yi mata fatiha. Gorar tana bayan ƙofar sabon ɗakina, mai gini a cikinku yana iya zuwa aro.